Ciyawar Roba Ko Ta Allah: Wacce Ta Dace Da Tsakar Gidanki?



Idan maigida yana gini, akan tambayi mace launin fentin ɗaki, da irin tayil ɗin da take so a kicin, wani lokaci har da labule. Amma tsakar gida, inda za ki yi daka da wanki da shanya da rainon yara, sau da yawa sai dai ki wayi gari ki ga leburori sun sauke kaya sun fara aiki. To ga wani yayi ya shigo a 'yan shekarun nan, kowa na son koriyar tsakar gida irin wadda ake gani a gidajen Abuja da wuraren biki na cikin Sakkwato. Wasu na dasa ciyawa suna ba ta ruwa, wasu na sayen ta roba a shimfiɗa kamar kafet. Yayin ya biyo hanyar Jega ya iso Boɗinga inda nake aure, ya zarce har Shagari inda aka haife ni.

Wannan zaɓi ya zo gabana a shekarar 2022, lokacin da maigidana ya kammala gininmu. Abin da ya taimake ni shi ne gidaje biyu da nake shiga kamar nawa, ɗaya an shimfiɗa roba, ɗaya an dasa kiri-kiri. Abin da na gani a cikinsu nake son in ba ki, domin gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Daga ina suka zo mana?

Ki fara da sanin cewa dukkansu biyu baƙi ne a tsakar gidan Bahaushe. Filin ciyawar ado al'adar manyan gidajen Ingila da Faransa ce, ƙasashen da ruwan sama ke sauka kusan duk shekara, rana kuma ba ta da ƙarfi. A can ciyawa kan fito da kanta, wahalarta aski ce kawai, shi ya sa wani Baturen Ingila mai suna Edwin Budding ya ƙera injin yanke ta a 1830.

Ita kuwa ta roba ta yi suna ne a 1966, a wani rufaffen filin wasa da ke birnin Hustan na Amurka. An buɗe filin a 1965 da ciyawa ta gaskiya, sai aka shafa wa gilasan rufin fenti saboda haske na kashe wa 'yan wasa ido, ciyawar ta rasa rana ta mutu. Nan aka kawo ta roba ta maye gurbinta. Ki riƙe wannan da kyau 'yar'uwa: ciyawar roba ta samu karɓuwa ne a wurin da rana ba ta shiga.

Mu kuma fa? Damina a ƙasar Sakkwato daga Yuni ne zuwa Satumba, sauran watannin kusan takwas babu ɗigon ruwa. A watan Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, daga Nuwamba kuma hunturu ya shigo da ƙurarsa. Wadda aka saba da ita a ƙasar ruwa da wadda aka yi don inuwa, su ne muke son mu ajiye a tsakiyar wannan rana.

Gidan facalata a Boɗinga

Yayan maigidana ya riga mu tarewa da shekara guda, kuma shi ya fara kawo ciyawar roba a danginmu. Ranar walimar gidan kowa ya yaba. Tsakar gida ta yi shar kamar bayan ruwan Agusta, yara na birgima, mata na ɗaukar hoto. Surukarmu ce kaɗai ta durƙusa ta shafa, ta ɗago ta ce da ɗanta, "Alhaji, wanga haki da akuya ba ta ci, mi na amfaninai?" Aka yi dariya aka wuce.

Gaskiya tana da nata alherin. Ba ta neman ruwa, ba ta neman aski, da damina babu taɓo, kuma babu duhuwar da kunama ko maciji zai laɓe. Watannin farko facalata ba ta da ƙorafi ko ɗaya.

Da bazara ta kama sai labari ya sake. Daga hantsi zuwa la'asar babu mai iya taka ta ba takalmi. Ɗanta mai rarrafe ya taɓa fita da azahar ba a lura ba, ihunsa ya fito da kowa, gwiwoyinsa da tafin hannunsa suka yi jawur. Tun daga ranar ake tsare shi a ɗaki har rana ta yi sanyi. Wannan ba aibin wadda suka saya ba ne ita kaɗai, halin roba ne. A 2002 masu bincike a Jami'ar Brigham Young da ke Amurka sun auna zafin filin wasansu na roba, suka samu ya kai digiri 93 a ranar da zafin iska bai wuce 37 ba. Ki tuna ruwa a digiri 100 yake tafasa. Da suka watsa masa ruwa ya huce, amma cikin minti 20 zafin ya kusa komawa inda yake. Nasu filin wasa ne mai ɓarɓashin baƙar roba a ciki, ta gida ba lalle ta kai haka ba, amma ranar Boɗinga ta fi tasu. Abin da zan yaba mata a nan shi ne, da rana ta faɗi takan huce da wuri fiye da siminti.

Sai maganar wuta. Ranar wani suna aka ɗora manyan tukwane a gefe, garwashi ya yi tsalle ya faɗa, nan take wurin ya narke ya bar baƙin tabo mai faɗin tafin hannu. Ciyawar Allah in ta ƙone takan tofo, wannan kuwa sai dai a yanke a yi faci, facin kuma ba ya ɓoyuwa.

Sai ƙura. Hunturu ɗaya ya cika tsakanin zarenta da ƙasa, tsintsiya ba ta fitar da ita, sai an sa buroshi da ruwa mai yawa. Ga hatsi in ya zube, ga dusa, ga kashin kaji. Wadda aka saya don ba ta shan ruwa, sai ga shi ana sayen ruwan wanke ta.

Abin da ya fi damun facalata shi ne tsarki. Gidan yara ba ya rabuwa da fitsari. Idan ƙasa ce, ki kwara ruwa ya nutse, magana ta ƙare. Amma mai aikin da ya shimfiɗa tasu a kan siminti ya manna ta, bai yi mata gangaren kirki ba, sai ruwan ya kwanta a ƙarƙashi. Ta daina shimfiɗa dadduma a tsakar gida don zuciyarta ba ta natsu ba. Da layya ta zo aka ɗaure raguna biyu na mako guda. A mazhabarmu ta Malikiyya fitsarin rago ba najasa ba ne, amma zarnin da ya kama robar nan ya kai wata bai fita ba.

Masu ƙera ta sukan ce mai kyau tana kai shekara goma ko fiye. Tasu a shekara ta uku ta fara koɗewa, gefenta ya ɗago, awaki na tsinka. Kin dai san abin da leda ke yi wa cikin dabba.

Gidan yayata a Shagari

Yayata kuwa tana zaune a Shagari, garin marigayi Shugaba Shehu Shagari, kuma gidansu na da rijiya wadda ba ta ƙafewa. Mijinta manomin rani ne, ya san ƙasa ya san taki. Shi ya samo kiri-kiri daga fadama ya dasa da farkon damina, cikin 'yan makonni ta yaɗu ta rufe wurin.

Idan kika shiga gidan da azahar ɗin bazara za ki ji bambanci tun daga ƙofa. Ciyawa mai rai tana fitar da ruwa ta ganyenta kamar yadda jikinki ke gumi, shi ya sa take da sanyi a tafin ƙafa ko da rana ta take. Tana riƙe ƙura, ruwan sama na nutsewa a cikinta ba ya kwanciya, in an aske ta kuma dabbobi su samu na ci. Da dare su shimfiɗa tabarma kusa da ita su kwana a waje, iskar da ke ratsowa ta kanta daban take.

Amma ki tambayi Yaya kuɗin wannan sanyi, za ta nuna miki hannunta. Safe da yamma sai an ja guga. Yaran da ke taya ta sun tafi makarantar kwana, aikin ya dawo kanta. Wata shekara ta yi jinyar mako biyu a Sakkwato cikin Afrilu, ta dawo ta tarar wurin ya bushe ƙayau kamar harawa. Kiri-kiri na da taurin rai, saiwarta ta farfaɗo da ruwan farko, amma wata biyu suna kallon jan fili.

Takin da aka zuba ya zo da irin ƙarangiya da tsidau, sai da suka yi damina biyu suna cira da hannu kafin yara su iya gudu ba takalmi. Da damina kuwa in aka yi sakaci kwana goma ba aski, ta yi tsawo, sauro ya samu wurin yini. Inda ake ajiye turmi da hanyar da ake bi zuwa madafa duk sun zama sanƙo, domin ciyawa ba ta jure taku kullum a wuri ɗaya. Sannan a ƙarƙashin mangwaronsu ta ƙi yin kyau ko kaɗan, saboda kiri-kiri ba ta son inuwa.

A nan na gane abin da ya warware mini matsalar. Ciyawar Allah ta rana ce, in dai akwai ruwa. Ta roba kuma ta inuwa ce. Kowace aka kai ta wurin 'yar'uwarta sai ta ba da kunya.

Mu yi lissafin ruwa

Kafin ki ce a dasa, ɗauko biro. A ce filinki mita 5 ne a faɗi, mita 10 a tsawo, wato murabba'in mita 50, wanda ba wani babban fili ba ne. A zafin bazara irin namu, kowane murabba'in mita na ciyawa na iya shan wajen lita 6 a yini in ana son ya zauna kore. Lita 300 ke nan kullum, jarka 12 mai lita 25, kusan kurar ɗan ga-ruwa guda. A wata jarka 360. Daga Maris zuwa Mayu kaɗai jarka 1,080. Ki buga da farashin jarka a unguwarku, ki faɗa wa kanki gaskiya.

Hukumar Lafiya ta Duniya na ƙiyasta cewa mutum ɗaya na bukatar aƙalla lita 50 a rana don sha da girki da wanka da wanki. Ashe wannan ɗan filin yana shan rabon mutum shida. Ko kuna da rijiyar burtsatse, ki tuna man janareto ko kuɗin sola, ki kuma tuna 'yan matan maƙwabta da ke layi a ƙofarku da bokiti. Addininmu ya hana ɓarnar ruwa ko a alwala, balle a ado.

Ba mu kaɗai ke wannan tunani ba. Jihar Nebada ta Amurka, inda birnin Las Begas yake cikin hamada, ta kafa doka a 2021 cewa a cire ciyawar ado ta gefen tituna da harabar ofisoshi a yankin birnin kafin 2027, saboda ƙarancin ruwa. Masu kuɗin da muke kwaikwayo ke nan suke cirewa. Kowa ya daka ta wani, ya rasa turmin daka tasa.

Me tsakar gidanki ke yi?

Tsakar gidan Bature wurin kallo ne ta taga. Taki kuwa ita ce kicin ɗinki na biyu, ita ce wurin wanki, ita ce falon baƙi ranar suna, ita ce ɗakin kwana da bazara, ita ce makarantar allon yara da magariba. A nan ake surfe da bakace, a shanya kuɓewa da tattasai da kuka, a nan ake ɗaure ragon layya a kuma feɗe shi.

Iyayenmu sun san haka, shi ya sa suka yi daɓe. A Shagari ina ƙarama na ga mata sun taru gidan amarya, an zuba jar ƙasa da tsakuwa, suna bugu da maɗabi suna waƙa, ana yayyafa ruwan makuba da ake jiƙawa daga ɓawon ɗorawa, har wurin ya yi ƙarfi ya yi sheƙi. Daɓe na ɗaukar turmi, yana ɗaukar wuta, yana sharuwa da tsintsiya ɗaya. A tsakiya kuma ga bishiya. Sanyin gidajen da muka tashi a ciki daga sama yake zuwa, daga inuwar dogon yaro da durumi da tsamiya.

Yadda muka yi namu

Maigidana ya riga ya karɓo farashin roba daga Sakkwato kafin ya yi mini maganar. Ban ce masa a'a ba. Na bari sai da ya ci abinci ya huta, na ce, "Malam, ina roƙon alfarma. Kafin a biya kuɗin nan, mu je gidan Yaya Alhaji ranar Juma'a bayan an sauko, ka cire takalmi ka taka." Ya yi dariya ya ce, "Ke dai ba ki rasa dabara." Muka je. Taku uku ya yi ya dawo inuwa, bai ce komai ba. Da dare na kawo masa lissafin jarkokin nan a takarda, don kada ya ce to a dasa ta gaskiya a ko'ina. Ya duba ya ce, "To ke me kike so?"

Muka raba filin uku. Gefen madafa da wurin wanki aka yi siminti mai gangare zuwa magudana, nan ne wurin turmi da murhu da shanya. Tsakiya aka bar ƙasa aka zuba rairayi mai laushi, muka dasa dogon yaro ɗaya nesa da katanga da ramin masai saboda saiwarsa, da lemun tsami, da layin zogale a jikin bango. Kusa da wurin alwala kuma, inda rana ke samu sosai, muka dasa kiri-kiri a ɗan wuri mai mita 2 da mita 3. Wannan ba ya shan fiye da jarka ɗaya da rabi a yini, kuma mafi yawansa daga ruwan alwalar gidan yake fitowa, da na wankin shinkafa da ganye. Ruwan omo da na bilic ba ma zuba masa.

Ta roba ma ba mu bar ta ba. Ya sayo ɗan yanki daidai tabarma biyu, muna shimfiɗawa a ƙarƙashin rumfa inda yara ke wasa. Ba a manna ta ba, in ta yi datti a ɗaga a wanke a shanya, in za a yi taro a naɗe. Abin da ya rage daga kuɗin aka sayi tankin ruwa.

Shekara biyun farko, kafin bishiyar ta tasa, tsakar gidanmu ba ta yi kyan ta facalata a hoto ba, kuma na sha jin magana a kan haka. Yanzu dogon yaron ya wuce katanga, surukata in ta zo nan take sa a shimfiɗa mata tabarma.

In zaɓin ya zo gabanki

Ba na ce kowa ta yi irin nawa ba, gida ya bambanta da gida. Amma ki tsaya a tsakar gidanki da ƙarfe biyu na rana ki ga inda inuwa take da inda babu, domin wannan ne zai gaya miki wurin kowace. Ki san daga inda ruwanki ke zuwa a watan Afrilu, kada lissafin Agusta ya ruɗe ki. Ki tambayi kanki wa zai yi ban ruwa da aski ranar da kika haihu ko kika yi tafiya.

Idan roba kika zaɓa, ki sa a kawo ɗan ƙyalle ki ajiye a rana awa biyu ki ɗora hannu kafin a biya. Ki duba bayanta ko akwai hudojin fitar ruwa. A shimfiɗa ta a kan dandaƙaƙƙiyar tsakuwa mai gangare, a nisanta ta da murhu da turken dabbobi. Ranar da ta mutu kuma kada a ƙone ta a gida, hayaƙinta cuta ne.

Idan ta Allah ce, ki dasa da farkon damina don ruwan sama ya yi miki rabin aikin, ki fara da ɗan wuri, in kin ga za ki iya sai ki ƙara. Ban ruwa da sassafe ko bayan la'asar ya fi, takin kuma a tabbata ya ruɓe sosai.

Kowacce kika ɗauka, ki roƙi maigida a bar ramin bishiya ko da guda ɗaya kafin a zuba siminti, domin in an riga an zuba, fasawa sai da rigima. Ya zo a hadisi ingantacce cewa abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga shukar Musulmi sadaka ce gare shi. Kuma ki yi maganar tun ana gini, cikin ladabi, a lokacin da ransa ke sanyi, da lissafinki a hannu. Shi da safe zai fita, ke da yaranki za ku yini a wurin.

Allah Ya sanya albarka a gidajenmu, Ya ba mazajenmu abin yi mana hidima ta halal, Ya raya mana zuriya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.